Kowa da Jakarsa, in ji Oga Lukmanu

"Ni 'ya'yana ba irin 'ya'yan Abujan nan ba ne da ake raka su da jaka har bakin aji. A gidana kowa shi ke ɗaukar kayansa. Ko ƙaramarsu Zuhra, ka ɗora mata buhun masara a Lugbe, sai ta kai maka shi Wuse ta dawo ba ta ce wash ba!"

Oga Lukmanu Yelwa ke nan, yana tsaye a barandar ma'aikatarmu yana zuba. A daidai lokacin da yake wannan magana, masinja na bayansa riƙe da jakarsa da jaridarsa da lemarsa, har da wayar salularsa.

Bari in gabatar maka da mutumin. Lokacin nan ne da soja suka koma bariki, farar hula suka hau, kuɗin mai na ta shigowa, duk wanda ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa sai ka ji an tura shi kwas ƙasar waje. Lukmanu ma ya samu nasa, ya leƙa Ingila, bai ma daɗe yadda za a yi kewarsa ba. Amma tun da ya dawo ba mu sake hutawa ba. Ka ce masa ana ruwa, ya ce ai ba ka ga ruwan Ingila ba. Ka miƙa masa shayi, ya ce a can ba haka ake haɗa shi ba. Shi ya sa muka raɗa masa Na-Ingila, kuma da yake Allah bai ba shi gane gatse ba, ya ɗauka sarauta muka naɗa shi. Ga tumbi, masha Allah, wanda kullum yake riga shi shiga ofis.

To, a wannan wata kujerar Mataimakin Darakta ba kowa a kanta, kuma mutum biyu ake dubawa: shi da wani Leonard, mutum mai shiru-shiru wanda ba ka jin motsinsa sai na biro. Wanda zai zaɓa kuwa shi ne Daraktanmu, Mista Zacharias, wani dattijo siriri ɗan Filato. Lukmanu bai jira an zaɓa ba. Ya riga ya gaya wa surukansa, ya gaya wa limamin unguwarmu, har ya shiga ofishin a sace ya auna tagogi don ɗinkin labule. Ni maƙwabcinsa ne a Lugbe, na san abin da kujerar nan take nufi a wurinsa. Da ita yake kwana, da ita yake tashi.

Cika bakin nan na baranda ma ba don mu ya yi shi ba. Ya hango Darakta na tahowa ne, kuma kowa ya san tsohon ba shi da abin so irin hawan dutse ranar Asabar shi da jikarsa.

Darakta ya tsaya. "Lukmanu, ashe kai ma kana hawan dutse?"

"Haba Yallaɓai! A Ingila ai shi ne karin kumallona."

"To, ya yi kyau. Asabar ka kawo yaran naka mu hau tare, akwai wani dutse bayan Ushafa. Ni ina so in ga yadda mutum yana tafiyar da gidansa kafin in ba shi mutane ya tafiyar."

"An gama, Yallaɓai. Kuma kada ka zo da ko biskit. Abinci da ruwa duk a wuyana, ni zan hau da su da kaina."

Washegari ya dira kasuwar Wuse. Ya saya wa yara jakunkunan goyo, ya sayi tasa wadda za ka iya zura ɗan akuya ciki ka zuge. Ya sayi malafa, ya sayi sanda, ya sayi wasu ƙattin takalma irin na soja. Mai shagon ya ce masa sun yi masa kaɗan. Ya ce ba komai, su ne masu tambarin Ingila, kuma takalmin Turawa shi ke bin ƙafa da kansa.

Matarsa Hussaina ta soya kaji, ta yi dambun nama, ta haɗa zoɓo, ta jera robobin ruwa. Da ya ce ta shirya ita ma a tafi, ta ce ita dutsen da za ta hau ranar Asabar gadonta ne.

Da safe Na-Ingila ya loda komai a ƙatuwar jakarsa, ya tara yara a falo su ga yadda ake yi. Akwai Umar Farouk babba, ɗan aji ɗaya a sakandare, sai Zaid mai bi masa, sai Zuhra 'yar shekara shida. Ya zura hannuwa cikin igiyoyin jaka, ya ce bismillah, ya yunƙura. Jaka ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake yunƙurawa, sai ta jawo shi baya, ya zube rigingine a kan kafet yana wutsil-wutsil da ƙafafu kamar kunkurun da aka kifar. Sai da yara suka taru suka zare shi.

Da wani ne, da ya rage kayan. Da wani ne, da ya ce a raba daidai. Amma Lukmanu ma'aikacin gwamnati ne na gaske, kuma abu ɗaya ya iya idan aiki ya yi nauyi.

"Umar Farouk, zo nan. A tsarin aiki babba ba ya ɗaukar kaya, tsarawa yake yi. Ga kular kaji, ga ta dambu, ga ruwa, ga zoɓo. Na miƙa maka, ka yi abin da ya dace."

"Abba, ai ka ce kowa ya ɗauki nasa."

"Yanzu da na miƙa maka, na wane ne?"

Yaro ya buɗe jakarsa. Aka danna masa kaya har jakarsa ta ƙi zugewa, robobin da suka rage aka rataya masa su a gefe. Sai dai kuma jakar Oga ta kwanta laƙwas kamar buhun da aka zazzage, kuma da ita ake so Darakta ya ga jarumta. Ya shiga ɗaki ya fito da filo biyu ya cusa, jaka ta miƙe ta yi ƙiba fiye da dā.

Hussaina ta leƙo daga kicin. "Abban Zuhra, ina za ka kai mini filo?"

"Ke ba ki san tsarin Turawa ba."

"Ban sani ba. Ka dai dawo mini da su da rigunansu."

A gindin dutse suka tarar da Darakta da jikarsa Marvel, sa'ar Zuhra, kowannensu da 'yar jakarsa da kambas ɗin da ya sha tafiya. Lukmanu na ganin jaka a kafaɗar oga sai jikinsa ya manta da Ingila. Ya ruga, ya rusuna, ya kama igiyar.

"Kawo, Yallaɓai, kawo!"

"A'a, Lukmanu. Ba kai ka ce kowa da nasa ba?"

Ya saki igiyar kamar ta ƙona shi. "Gwaji ne, Yallaɓai. Ina nuna wa yara abin da ba a yi ne."

"To. Kuma yau ba oga, ba yallaɓai, nan ba ofis ba ne. Yara, ku kira ni Kakan Marvel." Ya dubi ƙatuwar jakar da ke bayan Lukmanu ya girgiza kai. "Kai! Duk wannan kai kaɗai?"

"Ɗan kaɗan ne. A Ingila ninkinsa nake ɗauka."

Aka fara hawa. Da farko Na-Ingila nishin ƙarya yake yi, don a san yana ɗauke da kaya. Ya ɗan ranƙwafa, ya ce "hmm", ya gyara igiya, ya saci kallon Darakta. Ba a yi nisa ba nishin ya zama na gaskiya. Mutumin da ko bene ɗaya ne sai ya jira lif, yau ga shi a kan dutse da tumbi a gaba. Takalman Ingila kuma suka fara bin ƙafa kamar yadda ya ce, sai dai da haƙora suke binta. Gumi ya jiƙa malafa. Ya karɓi 'yar robar ruwan Zaid ya ce zai duba ko ruwan ya yi zafi, ya duba har ƙasa. Ya duba ta Zuhra ma.

Tsoho kuwa tafe yake kamar yana yawo a tsakar gidansa, yana nuna wa Marvel tsuntsaye. Da ya waiwayo ya ga halin da Lukmanu ke ciki, tausayi ya kama shi.

"Lukmanu, wannan kaya zai kashe ka. Kawo mu yi musaya, ka riƙe nawa."

Oga ya ja da baya. Ya rungume igiyoyin jaka da hannu biyu. "Wallahi a'a, Yallaɓai! Ƙa'ida ce. In na karya ta a gaban yara, da wane ido zan kalle su?"

"Kai mutum ne mai riƙe magana," in ji Darakta. Wannan yabo ya ƙara wa Lukmanu ƙarfi na taku kamar goma, daga nan ya koma haki.

Yanzu mu waiwaya baya, inda yara suke. Abin da ya faru a can daga bakinsu na ji, kuma yara ba su iya rage labari ba. Umar Farouk ya tafi, ya tafi, igiya na cin kafaɗarsa, robobi na dukan cinyarsa. Sai ya tsaya ya yi tunani irin na ɗan gidan ma'aikaci.

"Zaid, zo nan. A tsarin aiki babba ba ya ɗaukar kaya. Ga kular kaji. Na miƙa maka, ka yi abin da ya dace."

Zaid ya karɓa yana ƙunƙuni. Bai kai ko inuwar gaba ba ya juya.

"Zuhra, zo nan. Na miƙa miki."

Baiwar Allah ta juya ita ma, ba ta ga kowa a bayanta ba sai ƙadangare. Kula ta kusa kai girman bayanta, da ƙyar ta cusa ta a jakarta. Ta ja ta, ta tura ta, ta rungume ta, har ta cimma manya inda suka tsaya Lukmanu na "duba yanayin iska", wato yana neman numfashi. Idonta ya cika da ƙwalla.

"Abba, jakata ta yi nauyi."

Ni a nan ne raina ya ɓaci da shi, don ya san sarai abin da ke cikin jakar nan da yadda aka yi ya isa can. Amma ya ga Darakta na kallo, sai ya ga dama ta samu. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga sanda.

"Zuhra, kalle ni. Kin ga abin da ke bayana? Kin ji na yi kuka? A rayuwa ba mai ɗaukar miki kayanki. In abu ya yi miki nauyi, ki zauna ki yi tunani, ki nemo mafita da kanki. Haka ake yi a Ingila."

"Lukmanu, yarinya ƙarami ne fa," in ji Darakta. "Bari in taimaka mata."

"Bar ta, Yallaɓai. Yanzu za ka ga tarbiyya."

Yarinya ta share hawaye, ta zauna a kan wani dutse ta yi tagumi. Manya suka ci gaba. Can sai ga ta ta taho da gudu tana tsalle, jaka na rawa a bayanta, ta wuce ubanta, ta kama hannun Marvel.

"Ka gani ko?" in ji Lukmanu, yana haki yana washe baki. "Jinina ce!"

Yayyenta ma sun gani. Tun da ƙanwa ta daina kuka, ai hanya ta buɗe. Umar Farouk ya miƙa kular dambu, Zaid ya miƙa gaba. Ruwa ya bi, zoɓo ya bi. Duk abin da aka kawo, Zuhra sai ta ce, "To, ajiye nan," kamar tsohuwar akawu. Ta ɗan tsaya a baya, jim kaɗan ka gan ta ta dawo tana waƙa. Ba wanda ya tambaye ta komai, don a gidan Lukmanu in ka miƙa abu ba ka sake waiwayarsa.

Rana ta take tsaka suka kai ƙololuwa. Yara ne suka fara isa, sai tsoho, sai can daga baya Na-Ingila ya ɓullo da rarrafe, malafa a karkace, ƙafafu sun yi bororo, leɓe ya bushe. Ga Abuja shimfiɗe a ƙasa gwanin kyau, amma shi ba ya ganin komai sai taurari. Ya zare jaka ya yar, ya baje.

Ka san saman dutse da iska. Wata ta taso, ta taɓa jakar nan da aka ce za ta kashe mutum. Jaka ta motsa. Ta mirgina sau ɗaya, ta sake mirginawa, ta kama hanyar gangare tana tsalle kamar ƙwallo. Marvel ta bi ta da gudu, ta cafko ta, ta dawo tana lilo da ita da hannu ɗaya.

"Kaka, duba! Ba nauyi!"

Darakta ya karɓa, ya jinjina ta, ya dubi Lukmanu, ya zuge. Filo ya leƙo da rigarsa mai furanni. Ya jawo shi, na biyu ya biyo baya. Ya leƙa ciki, ya zura hannu har kafaɗa, bai samo komai ba.

"Lukmanu, mene ne wannan?"

Ka ba Na-Ingila abu ɗaya, bakinsa ba ya mutuwa da wuri. "Naka ne, Yallaɓai! Na ce dattijo kamarka ba zai zauna a kan dutse tsurarsa ba. A Ingila babba shi ke ɗaukar kayan hutu, yara su ɗauki na ci, don su san darajar abinci."

"To nishin da kake yi tun daga ƙasa fa?"

"Filon auduga ne, Yallaɓai. Yana shan gumi ya yi nauyi."

Tsoho ya jinjina kai. Ya ajiye filo ɗaya ya zauna a kai, ya ce to a kawo ruwan, don tun da aka ce kada ya zo da komai bai zo da ko ɗigon ruwa ba, kuma maƙogwaronsa ya bushe.

Lukmanu ya tafa hannu. "Umar Farouk! Kawo kaji da ruwa."

"Na miƙa wa Zaid, Abba."

"Zaid!"

"Na miƙa wa Zuhra."

Duk aka juya ga Zuhra. Ta sauke jakarta cikin natsuwa ta buɗe. 'Yar tsana ce a ciki da ɗankwali.

"Ina abincin?" in ji Lukmanu.

"Na ajiye."

"A ina?"

"A bayan duwatsu. Kowanne na samo masa wurinsa." Ta nuna ƙasa da yatsa.

Suka leƙa. Can a gangare wasu birai sun yi zaman walima. Sun fasa kula, babbansu na riƙe da cinyar kaza, ƙanana na kokawa a kan dambu, wani kuma ya huda robar zoɓo ya yi ja har kunne. Hussaina ba ta taɓa samun waɗanda suka yaba girkinta haka ba.

Yunwa da ƙishirwa da kunya suka haɗu suka hau kan Oga. Da ya yi shiru, da wataƙila an tsaya a asarar kaji. Amma yana so Darakta ya san laifin ba daga tarbiyyarsa ba ne, sai ya daka mata tsawa.

"Ke! Wa ya koya miki wannan sakarcin?"

Yarinya ta dube shi da mamaki. "Kai mana, Abba."

"Ni? Yaushe?"

"Ranar da kake ba Umma labarin ofis kana dariya. Ka ce in fayil ya yi maka nauyi sai ka miƙa wa na ƙasa da kai. In ba kowa a ƙasa, sai ka jefa shi bayan kabad. Ni ba kowa a ƙasana, kuma nan ba kabad."

"Rufe mini baki! Yallaɓai, yarinya ce, rana ta taɓa ta..."

"Bar ta ya gama," in ji Darakta. Ya jawo ta kusa da shi. "Zo, jikata. To in an zo neman fayil ɗin fa?"

"Sai ya ce yana kan teburin Darakta."

Lukmanu ya fara yi mata alama da ido, da gira, da sanda, har da tari. Ita kuwa ba wanda ya taɓa gaya mata ko wane ne Kakan Marvel, kuma ta ga yau an ba ta fili.

"Shi Daraktan ba ya ganewa?"

"Ina! Abba ya ce wani tsoho ne, ba ya karanta komai. Yana shiga ofis sai barci, har da munshari. Abba ya iya kwaikwayonsa. Abba, yi masa ya ji!"

Can ƙasa birai na ta rigimarsu. Lukmanu ya buɗe baki, Ingila ba ta fito ba, Hausa ma ta ƙi fitowa. Yana zaune a nan ya ga kujerar Mataimakin Darakta ta miƙe da ƙafafunta ta nufi ofishin Leonard.

Tsoho ya tashi daga kan filon a hankali, ya karkaɗe shi, ya ɗora wa Lukmanu a cinya. Ya rataya 'yar jakarsa, ya kama hannun Marvel.

Zuhra ta ja masa riga. "Kakan Marvel, ka san tsohon ne?"

"Na san shi, jikata," in ji Darakta. "Gaya wa Abbanki tsohon ya farka."